Kyanwa ma tana ciwon zuciya: Yadda likita ke gano shi da yadda yake rarrabe shi

A makon nan za mu ɗan kauce daga kan yara da iyaye, mu leƙa ƙarƙashin kujera, inda wata 'yar gida take kwance wadda ba kasafai ake lissafawa da ita ba idan ana maganar lafiyar iyali. Dalili kuwa shi ne wani saƙo da wata baiwar Allah ta aiko mini daga Agege a Legas, wanda ya tsaya mini a rai.

Ta ce suna da muzuru ɗan shekara shida, kakkaura, mai sheƙin gashi, wanda 'yarta ta raina tun bai buɗe ido ba. Wata rana da asuba sai suka ji yana wani irin kuka a kicin da ba su taɓa jin irinsa ba. Suka tarar yana jan gindi, ƙafafun baya biyu sun saki kamar tsumma, yana haki baki buɗe. Babu jini, babu rauni. Ta taɓa ƙafafun ta ji sun yi sanyi ƙalau, tafin dagin da ta sani jaja-jaja ya koɗe ya yi shuɗi-shuɗi. Nan take gida ya yanke hukunci cewa yarinyar da ke taya su aiki ce ta maka masa muciya, domin ya saba satar kifi. Yarinya ta yi ta rantsuwa tana kuka, ba wanda ya saurare ta. Wata maƙwabciya kuma ta ce ai jifa ne aka yi wa maigida ya faɗa kan dabba. Aka shafa masa man zafi, aka jiƙa rabin ƙwayar farasitamol aka ɗura masa. Washegari ya mutu, yarinya kuma aka sa ta a mota aka mayar da ita garinsu. Tambayar da ta yi mini ita ce: shin duka zai iya yin wannan aika-aika ba tare da ko ƙwarzane ba?

Hajiya, abin da kika zayyana shi ne daidai abin da ake koya wa ɗaliban likitancin dabbobi game da gudan jinin da ke tasowa daga zuciyar kyanwa ya je ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙafafun baya. Duka ko faɗuwa da ya taɓa ƙashin baya yana iya shanye ƙafafu, amma a irin wannan hali jini na ci gaba da gudana, ƙafafun kan kasance da ɗuminsu. Sanyin nan da kika ji, da koɗewar tafin dagi, da tsananin kuka, da hakin, duk suna nuni ne zuwa ƙirji. Mai yiwuwa muzurun nan ya yi shekaru yana ɗauke da ciwo a naman zuciyarsa, yana ci yana sha yana hawa katanga, ba wanda ya sani.

Kafin in ci gaba bari in tsaya a kan farasitamol, domin kuskure ne da nake yawan jin labarinsa. Guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, ƙwaya ɗaya tak tana iya lalata jininta ta kashe ta. Ko da wane irin ciwo take, kada a ba ta.

To, mene ne wannan ciwo? Zuciyar kyanwa ba ta wuce girman babban goro ba, amma tsarinta irin namu ne: ɗakuna huɗu. Ku ɗauke ta kamar gida biyu da ke manne da juna, na dama da na hagu, kowanne da zaurensa da ɗakinsa. Jini na shiga zaure, ya wuce ta wani ƙyaure zuwa ɗaki, ɗaki ya matse ya tura shi gaba. Gidan dama na tura jini huhu ya ɗauko iska, gidan hagu kuma ya karɓe shi daga huhu ya watsa shi ko'ina a jiki. Bangon waɗannan ɗakuna tsoka ce zalla, kuma a kyanwa tana bugawa sau 140 zuwa 220 a minti ɗaya. A karnuka, ƙyauren ne ya fi lalacewa idan an tsufa. A kyanwa kuwa bangon ne da kansa ke samun matsala.

Kuma abin ba ƙarami ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2015, an duba zuciyar kyanwoyi 780 masu alamar ƙoshin lafiya a gidajen ajiye dabbobi marasa galihu a Ingila. Kusan kashi 15 cikin 100 an same su da kaurin bangon zuciya, a cikin waɗanda suka kai shekara tara zuwa sama kuwa adadin ya doshi kashi 30. Muzurai sun fi mata kamuwa. Ba cuta ce da ake ɗauka ba, ba ta tsallakawa daga kyanwa zuwa yaro ko zuwa wata kyanwar.

Shekara da shekaru likitoci suna kiran waɗannan cututtuka da sunaye barkatai, har a 2020 Kwalejin ƙwararrun likitocin dabbobi ta Amurka da ake kira ACVIM ta fitar da matsaya guda, daga wani kwamiti da Farfesa Virginia Luis Fuentes ta Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta jagoranta. Abin da ya fi burge ni a wannan matsaya shi ne sun raba tambayar gida biyu. Ta farko, wace kama zuciyar ta ɗauka? Ta biyu, wane mataki ciwon ya kai? Mai kyanwa yakan maƙale wa tambaya ta farko saboda ita ce mai dogon suna, alhali ta biyun ce ke faɗa masa abin da zai yi gobe da safe.

Kamar da ta fi yawa nesa ba kusa ba ita ce ta kauri, wadda likita zai rubuta HCM a katinku. Bangon ɗakin hagu ne yake yin kauri ya sandare. Wani zai ce ai tsoka mai kauri ƙarfi ce. A dantse haka ne, a zuciya kuwa akasin haka. Ku ɗauki ɗakin da ake ta ƙara wa yaɓe daga ciki shekara bayan shekara: daga waje girmansa bai canza ba, amma ciki sai ƙara ƙunci yake. Ɗakin na iya matsewa ya tura jini, abin da ya gagare shi shi ne sakin jiki ya karɓi wani sabo. Sai jini ya riƙa yin cincirindo a zaure, zaure ya yi ta buɗewa kamar balan-balan. Daga nan hanya biyu ce, kuma duk ba su da daɗi. Ko dai cunkoson ya koma baya har huhu, ruwa ya tsattsafo cikin huhun ko ya taru a kewayensa, numfashi ya gagara. Ko kuma jinin da ya daɗe yana walagigi a faffaɗan zauren nan ya daskare ya zama guda, wata rana ya ɓalle ya bi babbar jijiya har inda ta rabu biyu zuwa ƙafafun baya, ya tsaya cak. Abin da nake kyautata zaton ya sami muzurun Agege ke nan. Akwai kuma waɗanda bugun zuciyarsu kan rikice su faɗi matattu ba sallama.

Masu sha'awar ƙwallo za su tuna da Marc-Vivien Foé, ɗan wasan Kamaru da ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yunin 2003, ana wasa da Kolombiya, yana ɗan shekara 28. Binciken gawarsa ya nuna irin wannan kaurin bangon zuciya ne. A cikin mutane ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 500 na da shi, kuma galibi gado ne. A kyanwa ma an kama gadon da hannu a jinsi biyu: a 2005 aka gano tangarɗar ƙwayar gado da ke jawo shi a jinsin Maine Coon, a 2007 aka gano wata a jinsin Ragdoll, dukansu a cikin ƙwayar da ake kira MYBPC3, wadda ita ce kuma take yawan samun matsala a mutane masu wannan ciwo. Na kawo wannan ne saboda yadda na ga an fara yayin sayen kyanwoyin ƙasar waje masu tsada a Legas da Abuja, ana tallarsu a Instagram. Jinsin Farisa mai tulin gashin nan, da British Shorthair, da Bengal, da Sphynx marar gashi, duk suna cikin waɗanda ciwon ya fi so. Idan za ku saya, ku tambayi mai sayarwa ko an taɓa duba zuciyar uwar da uban. Akwai gwajin gado da ake yi wa Maine Coon da Ragdoll da jini ko yawu, amma ko ya fito babu komai ba ya nufin an tsira. Kada kuma mai kyanwar gida ya saki baki, domin mafi yawan masu wannan ciwo a duniya gama-garin kyanwoyi ne irin namu na tsakar gida.

Kama ta biyu ita ce kishiyar ta farko, ana rubuta ta DCM. A nan bangon ne ke yin sirara ya saki, ɗaki ya buɗe ya zama kamar tsohuwar salka, ba ya iya matsewa da ƙarfi. Masu bibiyar wannan shafi za su gane siffar, domin irinta ce zuciya ke ɗauka a ciwon zuciyar masu jego da likitoci suka daɗe suna nazarinsa a Zariya da Kano da Sakkwato, sai dai dalilan sun bambanta. A kyanwa, labarin wannan kama na da daɗin ji. Kafin 1987 tana kashe kyanwoyi masu ɗimbin yawa a Amurka, ba a san dalili ba. A shekarar ce wani likitan dabbobi mai suna Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa kyanwoyin na fama ne da ƙarancin wani sinadari mai suna torin. Da aka ba su shi, zukatan da aka fid da rai da su suka warware cikin makonni zuwa 'yan watanni. Kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara torin a abincinsu, ciwon ya kusa ɓacewa a can.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Jikin mutum da na kare na iya haɗa torin da kansa, na kyanwa kuwa ba ya haɗa isasshe, dole sai ta ci shi a nama, kuma hatsi da ganye ba su da shi. Kyanwar ƙauye ko ta unguwa da ke fita farauta tana samun rabonta a ɓeraye da ƙadangaru da tsuntsaye, ko da tuwo kawai ake zuba mata a gida. Amma ku duba wadda ke hawa na uku a gidan bene, ba ta taɓa taka ƙasa ba, abincinta ragowar shinkafa da miya da burodi da shayi, sai ƙashin kifi jefi-jefi. Wannan tana cikin haɗari, kuma ƙarancin torin ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba, tun 1975 aka tabbatar yana makantar da kyanwa. Abincin kare ma bai wadatar da ita ba, ko da ta saba da shi. Zuciyar sa ko ta kaza, da naman cinyar kaza, da kifi, duk suna da torin sosai. Sai dai yana narkewa a ruwa, idan an tafasa nama aka zubar da romon an zubar da rabin amfanin, don haka a ba ta har da romon, amma wanda babu albasa, babu tafarnuwa, babu magi, domin albasa da tafarnuwa na lalata mata jini. Wanda ke da hali ya sayi abincin kyanwa na kamfani a cikin ledarsa ta asali, ya duba ko an rubuta cewa cikakken abinci ne. Wanda ake aunawa a mudu babu suna babu lakabi, ni dai ban yarda da shi ba.

Sauran kamannin uku ba su da yawa. Akwai RCM, inda kaurin bango yake daidai amma ya ƙage saboda tabo, zaurukan suka buɗe ƙwarai, kuma sau da yawa ba a gane ta sai ta yi nisa. Akwai wadda ke cin ɓangaren dama, kitse da tabo su maye gurbin tsoka, bugun zuciya ya rikice. Sai kuma tarkacen da ba su dace da ko ɗaya ba, waɗanda kwamitin ya ce a kira su marasa takamaimiyar kama, likita ya bayyana abin da idonsa ya gani kawai. Kyanwa ɗaya ma na iya sauya kama: mai kaurin bango idan ta daɗe, tsokar kan gaji ta sirance har ta yi kama da DCM.

Yanzu ta yaya ake ganowa? Abin da kowa ya sani shi ne likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirji. A kyanwa wannan na da ruɗi matuƙa. Akwai wani sauti kamar hucin iska da ake ji tsakanin bugu da bugu, wanda a kare kusan kullum yana nufin matsala. A kyanwa, kashi 30 zuwa 45 cikin 100 na masu lafiyayyar zuciya ma suna da shi, musamman idan tsoron asibiti ya sa zuciyar gudu. A ɗaya gefen kuma, akwai masu mummunan ciwo da ba a jin komai a ƙirjinsu. Sautin da ya fi ɗaga hankalin likita shi ne idan bugun ya zama uku maimakon biyu, kamar sukuwar doki, ko idan yana tsallake. Saboda haka idan likita ya ce ya ji wani sauti, kada hankalinku ya tashi, idan kuma ya ce bai ji komai ba, wannan ba takardar shaidar lafiya ba ce.

Hoton ƙirji na eksire yana da amfaninsa, amma ba wajen gano kaurin bango ba, tunda kaurin ta ciki yake, inuwar zuciyar na iya fitowa daidai. Aikinsa shi ne nuna ruwa a huhu ko a kewayensa idan kyanwa na haki. Akwai kuma gwajin jini mai suna NT-proBNP, wanda ke auna wani sinadari da tsokar zuciya ke fitarwa idan tana cikin matsi. Yana taimakawa wajen rarrabe hakin da ya taso daga zuciya da wanda ya taso daga huhu, amma ba ya faɗin kamar ciwon, kuma yana iya kuskure wanda bai yi nisa ba.

Alƙalin da ke raba gardama shi ne sikanin ɗin zuciya, wanda ake kira eko. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, sai dai kan da ake ɗorawa ƙarami ne mai iya bin zuciyar da ke gudu haka. Ba ya ciwo, yawanci ba sai an yi allurar barci ba. Za a aske ɗan gashi a bayan hammata, a kwantar da ita a gefe, a shafa man nan mai santsi. Likita zai auna kaurin bangon ɗakin hagu a daidai lokacin da ya saki ya cika da jini. Ƙasa da milimita 5 lafiya ce ga yawancin kyanwoyi, milimita 6 zuwa sama kauri ne, tsakaninsu kuma sai an yi la'akari da girman jikin dabbar da tarihinta. Ku lura, milimita 6 bai kai kaurin fensir ba, tazarar da ke tsakanin lafiya da ciwo kuma ta ɗan fi kaurin katin ATM kaɗan. Shi ya sa hannun mai dubawa ya fi na'urar muhimmanci. Zai kuma gwada faɗin zauren hagu da faɗin babbar jijiya. Idan zaure ya zarce ta da fiye da ninki ɗaya da rabi, ya fara buɗewa. Wani lokaci za a ga wani abu na murɗawa a cikin zauren kamar hayaƙin murhu. Jini ne da ya fara shirin daskarewa, kuma likitoci ma hayaƙi suke kiran sa.

Ga wani wuri da nake so ku riƙe da kyau, domin a nan ne ake yanke wa dabba hukuncin da bai dace ba. Ganin kauri a sikanin ba shi ne ƙarshen bincike ba, akwai cututtukan da ke sa bangon zuciya kauri alhali asalin matsalar tana wani wuri. Hawan jini na ɗaya, kuma yana yawan zuwa tare da ciwon ƙoda a tsofaffin kyanwoyi. Idan awon sama ya tsaya a 160 ko fiye, akwai magana. Na biyu shi ne halittar nan ta wuya da idan ta kumbura a mutum muke cewa maƙoƙo. A tsohuwar kyanwa takan yi aiki fiye da ƙima, sai ka ga dabba na ci kamar gara amma tana ramewa, zuciya na gudu. Idan an magance waɗannan, sau da yawa zuciyar kan lafa. Ko ƙishirwa da bushewar jiki na iya sa ɗaki ya tsuke har bango ya yi kamar mai kauri. An kuma lura da wasu ƙananan kyanwoyi da zuciyarsu kan yi kauri na ɗan lokaci bayan wata wahala, kamar tiyatar fiɗiya, har ruwa ya taru a huhu, sannan bayan 'yan watanni komai ya koma daidai. Don haka likitan da ya ce a auna hawan jini, a gwada jini, a dawo a sake sikanin bayan wata uku ko shida, ba neman kuɗinku yake ba.

Sai tambaya ta biyu, wato mataki. Matakin A shi ne kyanwar da jininta ke da haɗari amma ba a ga komai ba tukuna. Matakin B, an ga ciwo a sikanin amma dabba ba ta nuna alama ba, kuma an raba shi biyu bisa girman zauren hagu. Idan zaure bai buɗe sosai ba, B1 ke nan, yawanci babu maganin da za a ba ta, sai dai a sake dubawa duk shekara, kuma da yawansu kan tsufa su mutu da wani dalilin daban. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da ya fito a 2018, wanda ya bi kyanwoyi 1,008 masu kaurin bango, ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 ne suka kai ga taruwar ruwa ko gudan jini. Adadi ne mai nauyi, amma yana nufin mafi yawa ba su kai can ba. Idan zaure ya buɗe sosai, B2 ke nan, a nan ne likita kan fara ba da maganin hana daskarewar jini da aka fi sani da Plavix, wanda bincike ya nuna ya fi asfirin hana gudan jini dawowa a kyanwa. Matakin C shi ne wadda ruwa ya taɓa taruwa mata ko gudan jini ya taɓa toshe mata jijiya, ita ce mai shan maganin fitar da ruwa irin su Lasix. D kuma ita ce wadda maganin ya daina yi wa aiki yadda ake so. Duk waɗannan magungunan mutane ne, ana samun su a kemis, amma awon kyanwa ɗan mitsitsi ne kuma sai ana lura da ƙodarta, saboda haka kada kowa ya gwada da kansa. Haka kuma mai kyanwar da aka san tana da wannan ciwo ya riƙa faɗa kafin a yi mata allurar barci ko ƙarin ruwa, domin suna iya tunzura shi.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi duk waɗannan sauƙi, kuma ku ne kaɗai za ku iya yin sa. Hausawa na cewa mage mai kwanciyar ɗaukar rai, to kwanciyar tata ce ke ɓoye ciwon. Kare mai ciwon zuciya yakan yi tari ya gaji a hanya, a gane. Kyanwa ba kasafai take tari saboda zuciya ba, idan ta ji ba daidai ba sai ta ƙara barci ta nemi lungu. Don haka ku ƙirga numfashinta. Ku bari sai ta yi barci sosai a wuri mai sanyi, ba lokacin da take gurnanin nan na jin daɗi ba, ku kalli haƙarƙarinta. Ɗagawa da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Ku ƙirga na daƙiƙa 30 ku ninka biyu. Lafiyayya ba ta wuce 30 a minti ɗaya. Ku yi haka kwana uku ku rubuta a bayan kalanda domin ku san adadinta na yau da kullum. Aiki ne da yaro ɗan firamare zai yi da murna. Ranar da kuka ga adadin ya haura 30 ya ƙi sauka, ku nemi likita a ranar. Idan kuwa tana numfashi baki buɗe alhali ba gudu ta yi ba, ko ta tsuguna ta miƙe wuya cikinta na bugawa, ko ƙafa ta saki ta yi sanyi, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Wajen kai ta ma akwai hattara, domin tsoro kaɗai na iya ƙarasa kyanwar da ruwa ya cika wa ƙirji. Kada a sa ta a buhu, kada a jefa ta a but ɗin mota cikin zafin rana da cunkoso, kada a ɗura mata komai. A sa ta a kwali ko kwando mai ramukan iska, a rufa ƙyalle mara nauyi. Idan likita ya sa ta a iskar oksijin ya yi mata allura ya ce a bar ta ta huta kafin a ɗauki hoto, daidai ya yi. Mai gudan jini kuma maganin raɗaɗi mai ƙarfi take fara buƙata. Ba zan ɓoye muku ba, da yawa ba sa tashi, musamman idan ƙafa biyu ne kuma jiki ya yi sanyi. Amma akwai masu tashi, musamman idan ƙafa ɗaya ce, su dawo suna takawa cikin kwanaki ko makonni.

Jami'o'in Ibadan da Abuja da Nsukka da Zariya, da ta aikin gona a Abekuta, duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, ga kuma asibitoci masu zaman kansu a manyan birane. Ku kira tukuna ku tambaya ko suna yin sikanin ɗin zuciyar kyanwa da kuma ranar da mai yin sa yake nan, kada ku sha hanya a banza da dabba marar lafiya.

Hajiya ta Agege, a ƙarshen saƙonki kin ce 'yar'uwar muzurun, wadda aka haifa tare da shi, tana nan a gidan. Ita nake so ki fara ƙirga wa numfashi daga daren yau, ki kuma kai ta a duba zuciyarta ko da kina ganin ta garau, ki faɗa wa likitan duk abin da ya sami ɗan'uwanta da irin abincin da suke ci. Lambar wayar iyayen yarinyar nan kuma, na san tana nan a wayarki.